Hannun da Ya Sha Allurar Mutum Biyu

Duk faɗin Adar, daga Kalfu har Takanamat, babu jikin da ya sha allura kamar na Alhusaini Mai Naɗi, kuma rabinta ba tasa ba ce. In kana musu, je ka rumfarsa a bakin kasuwar Tawa ka saya masa shayi. Kafin ka tambaya ma zai naɗe hannun riga ya nuna maka tabon lamba a damtsen hagu, ya juya ya nuna wani a damtsen dama. Na hagu nasa ne. Na dama na Alhasan ne, abokin tagwaicinsa.

Sana'arsa naɗin rawani. Kada ka yi dariya, da ita ya ci ya sha ya aurar da 'ya'ya. Samarin yanzu sun iya danna salula ido rufe, amma miƙa wa ɗayansu turkuɗi ka ce ya ɗora a ka, sai ya fito maka kamar mai ciwon haƙori. Shi ya sa ran aure da ran salla layi ake yi a rumfar Alhusaini. Ya iya naɗin malamai, ya iya na fatake, ya iya na Abzinawa mai rufe fuska sai idanu. Yana naɗi yana zuba, don bakinsa ba ya hutawa sai in ya jefa goro, shi ma na ɗan lokaci ne. Ango zai zauna da kai babu komai, ya tashi da rawani da labarin kakansa da bai taɓa ji ba.

A Kalfu aka haife su, kama kuwa har ta ɓaci. Uwarsu kan kira suna ɗaya don ta ga wanda zai waiga, su kuma 'yan ƙwal uba sai su waiga tare. Alhasan ne jarumin. Shi ke shiga rijiya yasa, shi ke kama kunama da hannu, shi ke tarar bijimi in ya tsinke igiya. Amma nuna masa allura, ko ta ɗinki ce, sai ya nemi hanyar gudu. Shekarar da masu lamba suka zo garinsu, aka jera yara a ƙofar gidan mai gari, Alhasan ya shige rumbu ya ƙi fitowa. Alhusaini ya miƙa hagu da sunansa, ya zaga bayan layi, ya dawo ya miƙa dama da sunan ɗan'uwansa. Babu wanda ya gane. Daga ran nan aka ƙulla ciniki: rijiya ta Alhasan, allura ta Alhusaini.

Haka suka girma. Da Alhasan zai tafi biɗa Abijan aka ce sai da katin rigakafi, Alhusaini ya je ya sha. Duk shekarar da sanƙarau ya ɓulla, sau biyu ake yi masa. Bai taɓa ɗaukar abin a matsayin yaudara ba, wallahi ko kaɗan. In an yi magana sai ya buɗe hannu ya ce, "Ciki guda, rana guda, nono guda. In an sa ma wanga jiki magani, ina wancan za shi ya tsere mai?" Alhasan ya yi shekara da shekaru a bakin teku yana dako yana zuƙar sigari kamar murhu, sannan ya dawo gida ya tuba, ya kafa teburin goro kusa da rumfar ɗan'uwansa. Sun haura sittin, gemu ya yi fari tare, har yanzu baƙo kan gaida ɗaya sau biyu.

Autar Alhasan, Jannatu, ita ce ta yi boko har ya yi mata yawa. Daga lakkwal ɗin unguwa ta tafi Yamai, daga Yamai sai Dakar, inda take aiki a wani ɗakin bincike kan ciwon daji. A hoton salula ta fara lura ubanta na zubewa. Da ta samu hutu cikin damina ta iso Tawa, abin da ta gani ya fi na hoto. Wando na zamewa daga ƙugunsa, tafin hannunsa ya yi fari, in ya taka zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Ta ce a je likita, ya ce shawara ce, zai sha saiwa. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka. Ko gezau.

Sai ta biyo ta bayan gida. Ta ce a wurin aikinsu ana neman jinin tagwaye masu shekaru don bincike, kuma gaskiya ne ana nema, ga ma 'yar kular ƙanƙara ta zo da ita. Ta ce in ta koma hannu rabbana za a yi mata dariya, a ce ɗiyar tagwaye ce ta rasa tagwaye. Wannan ya taɓa zuciyar uban, ya ce to, da murya kamar ta wanda aka yanke wa hukunci. Sannan ta ja ƙanen uban nata gefe, wato Alhusaini, wanda take kira Baba Husaini, ta gaya masa abin da ke ranta.

"Ba don bincike kaɗai ba ne. Na ce su auna rabin jinin a nan. Ina tsoron akwai abin da ke shanye masa jini a ciki. Irin wannan in an gan shi da wuri ana cin ƙarfinsa, in an makara kuwa..."

Alhusaini ya bugi ƙirji. "Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Jinin Alhasan sai ya shiga kwalbar nan, ko ana ha maza ha mata."

Ran zuwa likita Alhasan ya yi ta maza har gindin dogon yaron da ke bakin ƙofa. Nan warin magani ya bugi hancinsa, ya zauna a kan saiwa ya ce ko da igiya ba a ƙara ja da shi taki ɗaya. Allah da ikonsa, daidai lokacin aka kira Jannatu ta gaisa da babban likita, tsohon malaminta ne. Majo Sadiƙu, ma'aikacin da ke ɗibar jini, sabon zuwa ne daga Maraɗi, bai san kowa ba. Ya leƙo ya kira, "Alhusaini!"

Ya shiga da farin rawani, ya miƙa hagu, yana ba majo labarin farashin yadi har aka gama. Ya fito, ya fizge turkuɗin kan ɗan'uwansa, ya shige bayan tankin ruwa. Aikinsa ne fa! Kafin ka ce kwabo ya yi naɗin Abzinawa, ya ja amawali har bisa hanci. Da aka kira Alhasan sai ga wani tsoho ya shigo a duƙe, yana tari, yana jan ƙafa, yana kiran sunayen Allah. To, mai zuba ba ya sanin iyaka. Nishin da ya dinga yi har mata masu awon ciki suka leƙo.

"Baba, ban ma taɓa ka ba tukuna," in ji majo.

"Ai tun daga nesa nike jin ta, ɗana. Ga dama, yi a hankali."

Da ya fito sai ya ɓalle audugar hannu ɗaya ya manna wa Alhasan. Jannatu ta dawo ta tarar da ubanta riƙe da gwiwar hannu, ido a lumshe, kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ta rungume shi tana hawaye, ta aika aka sayo masa gasasshiyar hanta don jini ya dawo. Alhusaini, wanda aka tatsa sau biyu, yana tsaye yana haɗiyar yawu, sai da ya tuna musu cewa ba a yi wa ɗan tagwaye kyauta a hana ɗan'uwansa, sannan aka yanko masa rabi.

Sakamako ya fito, jini cike fal, su duka biyun, kamar na 'yan maruƙa. Zo ka ga murna! Alhusaini ya faɗi ya yi sujada a tsakar gida, ya tashi da ƙasa a goshi yana dariya yana kuka. Har ga Allah ya yarda ɗan'uwansa ya tsira. An auna jininsu, an ce lafiya lau, me ya rage? Ya kayar da rago. Matarsa Raƙiya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka zaci haihuwa aka yi. Washegari duk wanda ya ratsa ta gaban rumfarsa sai an naɗa masa rawani kyauta, ko yana so ko ba ya so. Har wani ɗan kabu-kabu aka naɗa wa a bisa hular kwano. Jannatu ce kaɗai ta riƙa duban takardar tana duban tafin hannun ubanta. Amma wa ke faɗa da labari mai daɗi? Hutu ya ƙare, ta ɗauki kularta ta koma.

Damina ta ɗauke, aka yanke hatsi, aka ɗaure dammuna. Alhasan ya ƙara huda a maɗaurin agogonsa. Alhusaini na gani yana cewa zafin kaka ne.

Wata la'asar suna zaune gindin zogale a gidan Alhusaini, salula ta yi ƙara. Jannatu ce, da farar rigar aiki. Aka gaisa, aka tambayi sanyin teku. Sai ta ce, "Baba Husaini, injinmu ya gama karanta jininku. Ya ce wai Baba bai taɓa shan sigari ba tun da aka haife shi."

Gidan ya kece da dariya. Raƙiya ta saki ludayi ta riƙe ciki. "Wa? Alhasan? Mutumin da ya ƙone mani tabarma hal ukku? Ku maida injin ga inda kunka saye shi!" Shi kansa Alhasan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Alhusaini ya karɓe salular ya kawo ta daf da hanci. "Tsaya, ɗiyata. Mi ya haɗa jini da sigarin da anka bari tun kina goye? Ƙaƙa za shi tuna?"

"Zai tuna mana. Bari in yi maka da yarenka. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai wani zare da aka gada daga uwa da uba, tsawonsa ya kai kamu huɗu."

"Kamu huɗu? Cikin abin da ido ba ya gani? To ƙaƙa ya shiga?"

"Naɗe shi aka yi."

Alhusaini ya miƙe tsaye.

"A jikin zaren nan aka rubuta duk yadda za a gina mutum," ta ci gaba. "Amma ba duka ake karantawa ba. Inda naɗi ya rufe, shiru. Inda ya bari a buɗe, shi ke aiki. Zaren da ke cikin idonka shi ne dai cikin hantarka, naɗin ne ya bambanta, shi ya sa ido ya zama ido, hanta ta zama hanta. Tun jariri na ciki ake wannan naɗin. Kuma ba ya zama wuri ɗaya. Shekaru na taɓa shi, abinci na taɓa shi, hayaƙin sigari na barin alamarsa. Aikina ke nan, duba naɗi."

"La ilaha illallahu! Raƙiya, kin jiya? Duk karatun ga, Yamai, Dakar, jirgin sama, ashe sana'ata yarinyar ga ta gada!"

Ai sai ya yi waje, takalmi ƙafa ɗaya, salula a sama kamar tuta. Ya tari mai shayin kan kwana ya ce masa akwai rawani cikin hantarsa. Ya tsayar da wani malamin lakkwal a kan keke ya tambaye shi ko ya san kamu nawa ne a idonsa. Ya gaya wa masu dara cewa daga yau a riƙa ce masa dokotoro, don shi da Turawan Dakar aiki guda suke yi, sai dai su nasu ƙanana ne ba su kai a yi ado da su ba. Mutane na dariya, shi yana juyi, bakin rawaninsa ya kwance yana jan ƙasa. Duk wannan bidiri muryar Jannatu na fitowa daga salular, siririya, tana cewa, "Baba Husaini! Baba Husaini, ban gama ba!"

Sai da numfashi ya ƙare masa a gaban wani shagon caji sannan ya saurara.

"Ka taɓa yi wa mutum biyu naɗi iri ɗaya sak? Ninki da ninki?"

"Haba! Ko kai guda, na yau daban, na gobe daban."

"To ku tagwaye da yadi ɗaya kuka zo duniya, naɗinku ma kusan ɗaya. Amma shi ya yi Abijan, kai ka zauna Tawa. Ya sha abin da ba ka sha ba, ya kwana inda ba ka kwana ba. Bayan shekara sittin dole a ga bambanci, shi muke nema ma. Kwalaben nan biyu kuwa babu bambancin da ya wuce na kuskuren inji. Mun sake aunawa, haka. Wannan kai ɗaya ne. Baba Husaini, hannu nawa ka ba su?"

Ya dubi hagu ya dubi dama. Masu dara sun biyo shi suna jiran ƙarin nishaɗi.

"Biyu," ya ce. "Amma ɗiyata, jininmu guda na. Tun muna yara..."

"Ba guda ba ne. Ciwon da nake tsoro, wani lokaci zaren ne ke lalacewa, wani lokaci naɗi ne ke rufe daidai wurin da ke ce wa ƙwaya ta tsaya haka nan, sai ta yi ta hayayyafa babu birki. Yana iya faruwa a jikinsa bai faru a naka ba. Takardar da kuka yanka wa rago taka ce, sau biyu. Baba ba a taɓa auna shi ba. Kuma damina guda ta wuce."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Alhusaini ya tsaya a tsakiyar hanya, kunya da tsoro suka rufe shi lokaci ɗaya. Ya tuna bangon masallaci da ɗan'uwansa ke dafawa, ya tuna shi da bakinsa ya ce zafin kaka ne. Duk tsawon rayuwarsa yana ganin shi ne garkuwar Alhasan, ashe a wannan karon shi ya tare masa hanyar magani.

Ba don an riga an tashi a likita ba, da bai kwana da abin ba. Da sassafe ya tsayar da kabu-kabu a ƙofar gida. Alhasan ya ce ba ya zuwa. Alhusaini, wanda bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, ya sunkuce shi kamar damin kara, ya kuwa ji yadda ya yi sakayau. Aka dasa shi a tsakiya, direba a gaba, Alhusaini a baya ya zagaye shi da hannu biyu. Haka suka ratsa Tawa, tsofaffi biyu masu fuska ɗaya, ɗaya na ihun a sauke shi, ɗaya na ihun a ƙara wuta. 'Yan kasuwa suka bar ciniki suna tafi.

Majo Sadiƙu ya dube su, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ajiye abin rubutunsa. "To yau wane ne wane?"

"Wanga shi na Alhasan na gaskiya," in ji Alhusaini. "Wancan na rannan ma ni ne. Ka yi haƙuri, ɗana. Ka ga tari na ya yi kyau dai?"

Aka zaunar da Alhasan. Ya runtse ido, ya kama kalmar shahada, ya yafe wa kowa, ya bar wasiyyar teburin goro. Yana cikin rabon gado majo ya ce, "An gama, Baba."

Ya buɗe ido ɗaya. "An gama mi?"

"An ɗiba."

"Wanga ɗan cizon sauro? Shi na allura?" Ya juya ga ɗan'uwansa, baki buɗe. "Kai Husaini, amma kai azzalumi na! Shekara nawa ina shiga rijiya sabadda wanga abu? Rijiya gaba talatin, da macizai ciki!" Ya fashe da dariya har hawaye, majo na taya shi.

Alhusaini bai yi dariya ba. Idonsa na kan 'yar kwalbar da ke hannun majo. Ya sha ganin nasa jinin ba adadi bai taɓa ko ƙifta ido ba, amma bai taɓa ganin na Alhasan ba sai yau. Ɗakin ya juya masa. Ya farka a ƙasa, majo na yi masa fifita da kwali, Alhasan na tsaye a kansa yana cewa, "Ku ba shi hanta, jarumi ya faɗi."

Aka ce su jira sakamako a kan bencin baranda. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, Alhasan na ta taɓa audugarsa yana nuna wa duk mai wucewa, har da yara. Jannatu ta kira ta ce ta sayi tikiti, tana hanya. Rana ta take. Can majo ya fito, ba dariya a fuskarsa yanzu. Ya durƙusa gabansu ya ce jinin Baba bai fi rabin yadda ya kamata ba, akwai inda yake zuba a ciki, kuma babban likita na so ya duba shi da kansa, su yi maganar tafiya Yamai tun cikin makon nan. Ya ce kada su karaya, ana samun sa'a.

Ƙofar ofishin ta buɗe, wata murya ta kira, "Alhasan!"

Su biyu suka miƙe. Alhusaini har ya riga shi taki ɗaya. Alhasan ya kama hannun rigarsa, ya jawo shi baya a hankali, ya dafa kafaɗarsa har sai da ya koma kan benci.

"Zamna, Husaini," ya ce. "Wagga tawa ta."

Ya shiga yana dafa bango, aka rufe ƙofa. Wata tsohuwa da ke gefen bencin ta matsa ta tambayi Alhusaini ko ɗan'uwansa ne, don ta ga kama. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya buɗe baki, ya rufe, ya ɗaga mata kai kawai. Ya haɗa hannuwansa biyu a cinya, ya zuba wa ƙofar ido, yana jira.